Ɗakin Baƙi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Allah ya sa kin daina taurin kan ƙin shan magani. Mu nan lafiya ƙalau. Inna tana gaishe ki, ta ce ki daina aiko mata da zannuwa, akwatinta har ya ƙi rufuwa.

Albishirinki, zanen gida ya fito. Tun da na sayi filin nan ba ni da zance sai shi, har matata, Maman 'yan biyu, ta ce ko gaisuwar mutuwa na je sai na sako maganar gini. Mai zane ya sha wahalarmu, bawan Allah. Mun sa ya matsar da kicin, ya juya tagogi saboda rana, ya faɗaɗa wurin ajiye motar da ban ma saya ba tukuna. Hatta inda tankin ruwa zai zauna sai da muka yi musu a kai. Ran Asabar magini zai buga turaku ya ja igiya, ya bi layin da farar ƙasa, mu ga gidan a kwance kafin a fara haƙa harsashi.

Inna ta fi kowa ɗoki. Kin tuna lemon da ta shuka a gwangwanin fenti tun shigowarmu gidan hayar nan? Kullum da ruwan alwalarta take shayar da shi. Ta ce ba za ta dasa shi a gidan wani ba, sai a ƙofar ɗakinta, don haka da shi za a je filin.

Ki gaida kowa da kowa. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, yau bakina ya yi nauyi, shi ya sa ma na kasa kiranki.

Mun je filin. Magini ya yi aikinsa tsaf, ko'ina igiya da farin layi. Yara suna ta tsallake igiyoyin, amma Inna ta ƙi. Ta ce ita ba ɓarauniya ba ce da za ta haura katanga. Sai ta zagaya ta nemi inda aka bar giɓin ƙofa, ta yi sallama, sannan ta shiga, ga gwangwaninta a rungume. Haka ta yi a kowane ɗaki, tana tambayar na wane ne, tana sa albarka. Muna ta dariya. Ta shiga namu, ta shiga na yara, ta yaba girman kicin, har sito ta leƙa. Da ɗakuna suka ƙare ta waiwayo tana murmushi, ta tambayi mai zane ina nata.

Ya nuna mata wanda ke can bakin get, mai ƙofa ta waje. Da zuciya ɗaya ya yi maganar, wallahi, yana ganin yabona yake yi. Ya ce, "Ga shi nan, Mama, ɗakin baƙi. Maigida ya ce ki zauna a ciki yanzu, daga baya sai ya koma na baƙi."

Yaya, ni na faɗa masa haka. A ofishinsa na faɗa, ina juya biro, ina jin kaina mai hangen nesa. Na ce kada a ware mata ɗaki a cikin gida, ai ta tsufa, a yi abin da zai yi amfani daga baya. A lokacin maganar ba ta yi mini ɗaci ba ko kaɗan. Sai da na ji ta a bakin wani, a gaban Inna, na gane abin da nake nufi da "daga baya". Na zauna na shirya wa ɗakin uwata abin da zai zama bayan ranta, ita kuwa tana gida tana ba lemo ruwa.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Magini ya sunkuya yana gyara turken da ba abin da ya same shi. Maman 'yan biyu ta ja yara gefe. Inna ba ta kalle ni ba, ta taka a hankali ta tsaya a giɓin ƙofar, wannan karon ba ta yi sallama ba. Ta ce ɗakin ya yi kyau, akwai iska. Sannan ta ce, "Ai baƙo raɓa ne."

Da gwangwanin muka dawo. Da ma zagina ta yi, da na samu sauƙi. Amma sai ta ci gaba da yi mini sannu da zuwa kamar kullum, har tana tambayata ko na ci abinci. Na durƙusa zan ba ta haƙuri, ta ce haƙurin me, na tashi kada wandona ya yi datti. Yanzu ta ce tana kewar jikokinta na wajenki, jibi za ta taso.

Na san abin da za ki ce mini. Ki faɗa, na cancanta.

Ƙanenki,
Auta

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na ji Inna ta sauka lafiya, alhamdulillahi. Saƙonki ma ya iso, ban ga kalma ɗaya da zan musa a ciki ba.

Na dakatar da haƙa harsashi. Magini yana ta ƙorafin damina za ta riske mu, na ce ta riske mu. Na koma wurin mai zane, ya yi ta ba ni haƙuri, na ce masa ba shi ya kashe zomon ba, rataya aka ba shi. Mun soke wurin motar. A nan ɗakinta zai zauna, ƙofarsa tana kallon falo, da banɗaki a ciki babu matakala saboda gwiwarta, da ɗan fili a gaban taga don lemonta. Ya tambaye ni me zai rubuta a kai, na ce ɗakin Inna. Amma ba za a buga turke ko ɗaya ba sai ta zo ta tsaya da ƙafarta ta ce nan ya yi mata. In bai yi ba a sake.

Ban san ko za ta zo ba. Bayan tafiyarta na shiga ɗakin da take kwana da yara, na ga ta bar zannuwanta da butarta, har na ji sanyi a raina. Da na fita tsakar gida sai na tarar da zagayen tsatsa a kan siminti, gwangwanin ba ya nan.

Ran Juma'a zan taso da zanen a hannuna, in ta yarda ta gan ni. Kafin nan roƙo ɗaya nake yi miki, don girman Allah da darajar nonon da muka sha. Ki ba ta duk abin da ta nema, amma in ta tambaye ki fartanya, ki ce an ara. Kada ki bari ta dasa lemon nan a gidanki.

Ki gaishe ta. Ki ce mata Auta ne.

Ƙanenki,
Auta