Yaya Ladi, Tumatirinmu Yana Kwanciya

Zuwa ga Yaya Ladi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da jikokinki. Tun bara da ɗanki ya zo ya tafi da ke Kudu lambarki ba ta shiga. Shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani, ko Allah ya sa wani da ya san inda kike ya karanta miki.

Yaya, ciwon nan ya dawo lambunmu na Akurba. Kwana goma ke nan, da hantsi, na tarar da tumatir bakwai sun yi laushi, ganyen kore shar amma a sunkuye, ga ƙasa da danshinta. Na yanki kara ɗaya na tsoma a kofin ruwa, yadda malamin gona ya taɓa nuna mana. Sai ga farin abu yana sauka kamar zare. Na zauna a kan kunyar tumatirin.

Washegari malamin ya zo a mashin. Ya ce ƙwayar cutar a cikin ƙasa take, wanda ya kamu ya kamu, a tuge a ƙone shi nesa, sauran kuma sai rigakafi. Maigidana ya ce in sayo maganin kanti in fesa. Na ƙi. Kin san yadda hannuwana suka saɓule shekarar da muka yi feshi.

Shekara shida muna noma kafaɗa da kafaɗa. Ke kina jiƙa ganyen dogon yaro da tafarnuwa da shuwaka a tsohon durom, ni ina ɗebo ruwa, ina tsokanarki wai miya kike yi wa tumatir. Ban taɓa tsayawa na ga awon ba. Na ɗauka kullum kina nan. Abin da na riƙe kawai maganarki ce, da Hausarki ta Eggon mai ce wa mace kai: “Kai Falmata, idan ya cije ka a hanci, ya yi yawa.”

To, hancina ba naki ba ne. Na daka, na jiƙa kwana biyu, na tace da tsohon ɗankwali, na yi haɗi kashi uku. Layin da ya sha mai ƙarfi, bakin ganyensa ya ƙone. Wanda ya sha mai ruwa-ruwa, biyu sun ƙara kwantawa. Na tsakiya yana tsaye har yau.

Ban sani ba ko haɗin ne ya riƙe shi, ko kuwa ciwon ne bai iso ba. Matan da ke lambun gaba sun fara zuwa neman awo, ina ta yi musu hanya-hanya. Tsoro nake in ba su abin da zai kashe musu shuka, a ce daga hannunki ya fito.

Akwai kuma abin da ya fi tumatir damuna. Ranar da kika shiga mota a tasha kina ta tari, kika miƙo min fartanyarki ta taga, ke da ko aro ba ki bayarwa. A lokacin murna na yi. Sai daga baya na tambayi kaina dalili.

In awon ya ɓace miki, ba komai, Yaya. A dai turo min muryarki, ko tarin ne in ji.

Allah ya ba ki lafiya, ya tsare ki a inda kike, ya nuna min fuskarki.

Ƙanwarki ta bakin rafi,
Falmata