Hanyar Yamai a Tsohon Kati

Talata, 7 Maris 2006

Baba ya sake jefa ƙwallon roba ƙarƙashin gado. Musye Boukari, mai zuwa motsa masa jiki tun da ya samu shanyewar ɓarin hagu, shi ya kawo ƙwallon, wai ya riƙa matsawa. Baba ya ce mutumin da ya tsufa yana murza sitiyarin tirela tsakanin garinmu Waga da Yamai ba za a zaunar da shi da abin wasan yara ba. Ƙafar ta ɗan dawo, yana dogara sanda. Hannun kuwa yana nan kwance a cinya kamar na aro.

Da na raka Boukari bakin ƙofa sai ya rage murya. Ya ce in hannun bai yi aiki cikin watannin nan ba, zai sandare, shi ke nan. Ban gaya wa Inna ba.

Asabar, 11 Maris

Abin dariya yau. Na dawo daga sibar, shagon intanet na unguwar Zogona inda nake aiki, na kunna tsohon wasan tseren mota a kwamfutata, da sitiyarin roban nan da abokina Karim mai gyaran kwamfuta ya samo mini cikin kayan gwanjo. Ƙarar inji ce ta jawo Baba har ƙofar ɗakina. Ya tsaya yana kallo, can ya ce, “Jibo, haka ake shan kwana a garinku? Tashi.”

Na tashi. Ya yi bisimilla, ya karanta addu'ar tafiya cikakkiya, sannan ya taka. Wasan tsere ne fa! Amma Baba ya kama hannun dama yana tafiyarsa a hankali, duk motocin suka wuce shi, har yana ce musu Allah ya kiyaye hanya. Na ciji leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini.

Laraba, 15 Maris

Na ce in sa masa giyar da ke canza kanta, ya ce wannan ta malalata ce. To sandar giyar a dama take. Duk lokacin da zai canza, dole hannun hagu ya riƙe sitiyari. Yana zamewa, yana mayar da shi. Na bar shi yana yi, kada in ɓata.

Dajin Turawa ne a wasan, har da ƙanƙara, amma ya raɗa wa kowane zango sunan garin da ke hanyar Yamai: Zorgo, Kupela, Fada. A Fada hannun yake gajiya ya faɗi. Ya ce sai ya kai Yamai. Na nuna masa inda zai danna ya shiga in ba na nan.

Juma'a, 24 Maris

Ya iso! Sabon katin hoto, abin da ke zana duk abin da ake gani a allo. Wani ɗalibi da ya dawo daga Faransa ya bar wa Karim, ni kuma na ba da wayata mai kyamara a madadinsa. Ban yi nadama ba ko kaɗan.

Na jera shi da tsohon katina a kan tabarma. Tsohon ɗan siriri, kore, ko fanka ba shi da ita, ƙwaƙwalwarsa mega sittin da huɗu. Sabon mega ɗari biyu da hamsin da shida, da fankarsa, da nauyi a hannu. Karim ya ce, da ɗan faransancinsa, “Mon cher, wannan ka sauka daga jaki ka hau jirgi.”

Lahadi, 26 Maris

Wasan yaƙin nan da kowa ke magana a kai a sibar. Da tsohon kati, in hayaƙi ya tashi sai hoto ya riƙa tsayawa yana fizga kamar babur da aka zuba wa gurɓataccen mai, kafin in juya an harbe ni. Fuskokin sojoji kuwa kamar an yanka su da almakashi. Yau duk saitin hoton na ƙure shi zuwa sama. Inuwa tana bin mutum. Ruwa yana ƙyalli, har sararin sama ake gani a ciki. Ko sau ɗaya bai fizga ba. Illa ɗaya, zafi: ɗakin ya zama kamar gidan burodi, ga watan Maris da nasa zafin.

Wallahi na ji daɗi. Rabon da in ji daɗin wani abu haka tun kafin Baba ya faɗi.

Alhamis, 30 Maris

Baba bai zo tuƙi ba tun ran Litinin. Ya gaji da shi, ina jin. Gaskiya ban tambaya ba, inji ya zama nawa ni kaɗai.

Lahadi, 2 Afrilu

Baba ya koma kwanciya yana fuskantar bango. Ko shayin la'asar bai fito sha ba. Boukari ya zo jiya, ya lanƙwasa yatsun, ya dube ni. Na kau da kai.

Laraba, 5 Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

Inna ta same ni ina wanke babur. Ta jima a tsaye tana murza bakin zanenta kafin ta ce Baba ya hana ta faɗa, amma ita ba za ta iya riƙewa ba: ciwon ya hau masa ido. Wai ran Litinin ɗin can, ina wurin aiki, ya shiga ya kunna motarsa, sai ya ga hanya ta yi baƙi ƙirin, bishiyoyi sun koma jajaye, dutse yana ɓacewa yana dawowa. Ya gane abin ya dawo, wannan karon ta kai. Har ya fara gaya mata wanda za a bai wa agogonsa. Tana faɗa tana share hawaye.

Na bar babur da kumfa na ruga ɗaki. Tun da na sa sabon kati ban buɗe tsohon wasan ba. Na buɗe. Hanya baƙa. Bishiyoyi jajaye, murabba'i-murabba'i. Duk yadda ta faɗa.

Ashe duk kwanakin nan mutumin yana kwance yana jiran makanta, ni ina nan ina kallon ƙyallin ruwa. Kunya ta kama ni har na kasa tashi daga kujera.

Alhamis, 6 Afrilu

Karim ya ce sababbin katunan sun daina gane yadda tsofaffin wasanni ke zuba launi, an cire musu wannan. Mun gwada dabaru iri-iri, ba abin da ya canza.

Na gaya wa Baba idonsa lafiya lau, laifin inji ne. Bai ko juyo ba. Ya ce, “Na gode, ɗana. Ni ma haka nika gaya ma Issa lokacin da yake kwance asibiti.” Issa abokin tuƙinsa ne da ya rasu bara. Wato yana zaton lallashi nake yi.

Asabar, 8 Afrilu

Na kinkimo kwamfutar gaba ɗaya na dire a ɗakinsa. Na kira Inna. Na kunna, na ce ta faɗi abin da take gani tsakaninta da Allah. Ta ce, “Malam, baƙa ce wallahi, ni ma baƙa nake gani.” Ya ce mun haɗa baki.

Sai na kashe, na kwance murfin a gabansa, na zare sabon katin na ɗora masa a cinya. Ya ce da zafi. Na soka tsohon, na kunna. Ga hanya toka-toka da farin layinta, ga bishiyoyi kore.

Ya ƙura wa allon ido. Can ya ce, “Mai da wancan.” Na mayar: baƙa. “Mai da na farko.” Na mayar: hanya ta dawo. Sai da ya sa ni na sake, gumi yana ɗiga mini cikin injin. Sannan ya ja dogon numfashi ya ce alhamdu lillahi, ya kuma faɗa, ya kuma. Inna ta fita da sauri wai ta bar tukunya a wuta, alhali ko murhu ba a hura ba.

Da ya natsu ya ɗaga sabon katin yana juya shi. Ya ce, “To wanga mi amfaninshi?” Na ce ya fi sauri. Ya ce, “Zuwa ina?”

Ya ajiye shi gefe. Ya tuƙa har Kupela.

Alhamis, 13 Afrilu

Na samo mafita: da safe in sa tsohon kafin in tafi aiki, in na dawo in sa nawa. Kowa ya samu.

Talata, 18 Afrilu

Yau inji ya ƙi tashi sai da na danna katin da ƙarfi. Na kai injin shagon Karim, ya haska ramin da ake soka katin da tocila, ya kama kai. Ya ce ba a yi ramin don sakawa da cirewa kullum ba, haƙoran ciki sun fara buɗewa, in na ci gaba wata rana ba sabo ba tsoho. “Zaɓi ɗaya, mon cher, ka ɗaure shi da kusa ka manta.”

Na yi ta masifa a hanya ni kaɗai a kan babur. Wayata na bayar! Ni ba ni da hakkin jin daɗi ne? Wata uku ina ɗaukar mutum zuwa makewayi, abu ɗaya da na samu nawa na kaina. Har unguwar Larlé na kai kafin na lura na wuce gida.

Da na shigo, Baba yana zaune a tsakar gida, yana ƙoƙarin ɓare gyaɗa da hannun hagu. Tana suɓucewa, yana ɗauka. Bai gan ni ba.

Laraba, 19 Afrilu

Ban kunna komai ba yau.

Asabar, 22 Afrilu

Na kai wa Karim sabon katin ya riƙe a shagonsa. Aro ne, ba kyauta ba, na gaya masa. Dama zafinsa ya yi yawa, ga fankar da ƙara, kuma wasan yaƙin nan in ka gama shi sau ɗaya ba wani abu a ciki. Tsohon na ɗaure shi da kusa.

Da la'asar Baba ya ce in jawo kujera, tafiya mai nisa ba a yin ta ba aparanti, wato yaron mota. Aikina in duba masa gefen dama in ce wuce. Mun bar Zorgo, mun bar Kupela. A Fada na ga hannun yana rawa, na ce ko mu kwana nan. Ya ce in yi masa shiru. Ya canza giya, hannun bai faɗi ba. Motocin tsere duk sun gama tun tuni, mu kaɗai muka rage a hanya. Aka kira magariba, ya gangara gefen titi ya tsaya cak, ya ce nan Kancari ne, gobe da sassafe mu tsallaka iyaka.

Inna ta kawo shayi, ya karɓi kofin da hagu. Ya ɗan zube a riga, ya shanye sauran.

Hoton tsohon katin ba laifi, in mutum ba sauri yake ba. Na aika wa mai sibar cewa gobe zan makara.