Gonar da Na Bari da Yunwa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki da sauƙin aiki. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba, ka san wannan shi ne alamar warkewarta.

Yaya, maganar gonar Baba ce ta sa na ɗauki biro, domin a waya bakina ba zai iya ba. Na ji ka gaya wa Baffa cewa in dai ƙasar ta mutu, a bar wa masu bulo su kwashe ta. Baffa ya riƙe wannan magana gam, ya ce ranar Asabar mai zuwa motarsu za ta fara ɗiba, sai fa in kai babba ka ce a dakata. In suka yaye saman ƙasar nan, rami za a bar mana, ko jikokinmu ba za su noma ta ba.

Gaskiya ne masarar bana ta ba mu kunya. Wata guda da rabi da shuka, ba ta kai gwiwa ba, ganyen ya yi wani ja-ja mai duhu, na zuba taki kamar ban zuba ba. Amma akwai abin da na ɓoye maka. Da ka ce a hutar da gonar shekara biyu, ni da rawar kaina na ɗauka hutu yana nufin kada komai ya tsiro. Duk ciyawar da ta leƙo sai na bi ta da fartanya, sau huɗu na sa garma ta juya ƙasar. Na bar ta fes kamar tsakar gida, ina ta hura hanci wai ba a taɓa ganin gona mai tsabta irin tamu ba.

Shekaranjiya na je na kawo malamin gona. Ya tuge masara ɗaya a tsakiya, ya tuge wata a bakin iyaka, inda garma ba ta kai ba kuma ciyawa ta yi ta zamanta. Ta bakin iyakar ta kai mini ƙugu. Ya karkaɗe saiwoyin a tafin hannunsa, ƙasar jikin ta tsakiya ta zube tas, ta bakin iyaka kuwa ƙasa ta manne mata dunƙule-dunƙule. Ya ce akwai wasu halittu dangin naman gwari, siraran zarurruka da ido ba ya cika gani, suna maƙale da saiwa suna jawo mata abinci da ruwa daga nesa, ita kuma tana ciyar da su. In aka yi shekara biyu babu saiwa mai rai, yunwa ke ƙarar da su, garma kuma ta tsinka sauran. Ya dube ni ya ce, “Ƙasarku ba ta mutu ba, masu yi mata aiki ka kora.” Na rasa inda zan sa fuskata.

Ya ce in na shuka wake a tsakanin layukan yanzu, na daina juya ƙasar, na bar karan a wurin bayan girbi, za su iya dawowa sannu a hankali, ko da yake bai yi mini alkawari ba. Na kai wa Baffa wannan bayani, ya yi dariya ya ce shi shekara hamsin yana noma bai taɓa ganin zare a ƙasa ba, kuma wanda ya lalata gona ba shi da bakin roƙa mata. A na biyun kam gaskiyarsa ce.

Damina ɗaya nake roƙo, Yaya. In baɗi masarar ta sake tsayawa a gwiwa, ni da kaina zan nuna wa motar hanya. Ka yi mini faɗa yadda ka ga dama, na cancanta, amma ka kira Baffa tukuna.

Ka gaida matarka da yara, musamman Auta mai surutu. Inna da Gwaggo suna gaishe ka. Masu bulo sun riga sun kafa turaku huɗu na alamar inda za su ɗiba a gonar jiya da safe. Na tsaya ina kallonsu da irin wake a aljihuna, ban taɓa turke ko ɗaya ba, muryarka nake jira.

Ni ne ƙaninka mai laifi.