Ummaru Ɗan Arɗo Jaji, da Takardar da Aka Mayar

Cikin alhini, da ɓacin ran da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Tsofaffin Mahaƙa Kwal 'Yan Asalin Kankiya da Kusada take sanar da masu girma hakimai, da dagatai, da malamai, da sauran jama'a, rasuwar ɗan'uwanmu Ummaru, ɗan farin Arɗo Jaji na Kaikai, wanda ya kwanta dama a bakin daga yana da shekara ashirin da uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya bar kiwo yana ɗan shekara goma sha bakwai, bayan ciwon huhu ya share garken mahaifinsa, ya bi mu Inugu, inda ya yi shekara uku a ƙarƙashin ƙasa yana saran kwal a durƙushe. Mu da muka shiga rami ɗaya da shi mun shaida ba ya ƙorafi, ba ya barin salla, kuma da guminsa karsana biyu suka koma garke. Da yaƙi ya ɓarke ya shiga soja. Da aka ji ya iya haƙa, sai aka miƙa masa shebur, aka tura shi gaban kowa yana tona ramukan ɓuya, a can harsashi ya same shi.

Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne, wata bakwai ke nan da rasuwarsa, iyayensa ba su sani ba. An aiko ɗan saƙo da takardar sanarwar rasuwar, ya isa rugar, ya tambayi Arɗo ko shi ne uban Ummaru. Duk wanda ya san Fulani ya san uba ba ya amsa ɗan fari a gaban mutane. Arɗo ya sunkuyar da kai, ya ce yaron dai na gidan ne. Ɗan saƙon, wai shi mai bin doka, ya ce sai hannun uba, ya hau kekensa ya juya da takardar. Ko maƙwabci bai tambaya ba! Sai makon jiya wani sojan da ya dawo da rauni, Dawuda na Kafin Soli, ya yi wa Arɗo gaisuwar mutuwa a tsakiyar kasuwar Kankiya, yana zaton tsohon labari ne.

Muna roƙon Allah Ya gafarta wa Ummaru, Ya ba Arɗo Jaji da mahaifiyarsa Mairama haƙurin jure wannan rashi.

Iyayen ba su nemi komai ba sai sanin inda aka binne shi, da ko an yi masa salla, kuma takardar ce kaɗai za ta faɗa. Ranar Litinin Arɗo ya taka da ƙafa har ofishin da ya aiko da ita, ya tsaya gaban akawu da baƙin fuskoki, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba: shi ne uban Ummaru. Aka ce masa ya dawo wani makon.

Malam Sodangi Ashafa Rimaye
Kakakin Ƙungiya
Maris, 1969