Furen Baturke da Ƙafar Baba

Malam Na'ibi, mai warware ƙulli, ka cece ni daga ramin da harshena ya haƙa.

Ni matashi ne a unguwar Hindawiyya, a ƙasar Larabawa, ma'aikaci a wani kantin magani, inda babban muƙamina shi ne goge kwalabe. Mahaifina ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa. Bayan Hajjin bana, wani alhaji Baturke da ya ɗaukar wa kaya ya ba shi ƙunshin busasshen fure, fari mai rawayar cibiya, wanda Larabawa ke kira uƙuhuwan, ya kwatanta masa da hannu cewa maganin buguwar jiki ne. Baba ya nemi fatawata. Na gyara murya, na shelanta cewa manyan masanan Turai sun yi ittifaƙi a kan wannan fure, alhali iyakar ilimina hotonsa da na gani a jikin kwali.

Mako uku ke nan da akwatin ƙarfe ya yanki Baba a ƙwauri. Ya jiƙa furen a ruwan Zamzam, yana sha, yana wanke ciwon, ciwon kuwa sai ruwa yake ƙarawa. Da na ambaci asibiti, ya ce ga tsarabar alhaji, ga Zamzam, ga shaidar ɗansa masani, wane likita ya saura? In na kushe jiƙon, kamar na raina Zamzam. In na yi shiru, ƙafa za ta tafi.

Naka cikin nadama mai tsanani,
Bokan Kwalabe

Ya kai Boka,

Baturken bai yi ƙarya ba. Mutanen ƙasashen sanyi sun daɗe suna shafa furen nan a kan buguwa da kumburi, masu bincike kuma sun sami wani sinadari mai kumfa a cikinsa, amma binciken bai yi nisa ba. Buguwa daban, buɗaɗɗen ciwo mai ruwa daban; wannan na likita ne, kuma yau, ba gobe ba.

Kada ka taɓa darajar Zamzam, ya ci gaba da shansa tsantsa. Fatawarka ce za ka janye. Ka durƙusa ka ce, “Baba, na faɗi abin da ban sani ba.” Cikin shaidunsa uku, kai kaɗai ne ya isa ya tuhuma. Sannan ka nemi wani dattijo abokin dakonsa ya raka ku, ku tafi da ƙunshin likita ya gani. Ciwon mako uku yakan warke in an tare shi.

Allah Ya ba Baba lafiya, kai kuma Ya sa watarana ka cancanci muryar da ka gyara.

Na'ibi