Barkonon da Ya Sa Liman Hawaye

Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya karatu, ya zaman Indiya? Mu nan Kamarawa lafiya lau.

Irin barkonon da ka aiko ya yi 'ya'ya, amma ya ɗaure mini kai. Mu dai mun san ƙanana ke da zafi, manya kuwa tattasai ne. Ganin girmansa na jefa biyar cikin miyar sunan ɗana. Wallahi har liman ya yi hawaye, baƙi suka tashi suka bar tuwon!

Don Allah, mi ka aiko muna? Abinci ne ko magani? Awaki ma sun ƙi shi.

Gaishe da abokan zamanka. Ka sa mu addu'a, musamman liman, har yau bai amsa gaisuwata ba.

Ƙanwarka,
Asabe