Jikana Zai Shiga Kogi da Ƙararrawa a Baya

Madam Solange, ki taimaki tsohuwa. Bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina, kuma saura kwana goma sha biyu.

Sunan gidan mijina Fargeolet. Na san ba a faɗin suna a filin nan, amma mun kusa ɗari huɗu, kuma babu mai karanta jarida a cikinsu, kowa ya kafa ido a waya. Shekarata tamanin da ɗaya. Karatuna bai wuce firamare ba, sai dai wajen shirya labari ko limamin cocinmu bai kama ƙafata ba.

Jikana Gaëtan yana ɗan shekara biyar ya ƙi shan miyar kabeji. Sai na ce masa wannan miyar ce ta ba kakan kakansa, Barnabé Fargeolet, ƙarfin da ya saɓa ƙararrawar coci a baya shekarar ambaliya, ya haye kogi da ita, yana tafe tana kaɗawa. Nan take na ƙirƙiro mutumin, da ludayi a hannuna. Barnabé kuwa sunan jakin babana ne. Yaro ya shanye kwano biyu. Daga ranar duk abin da aka ƙi yi a gidan, wanka ne ko aski, Barnabé ya taɓa yin sa ba kuka.

Na ɗauka zai girma ya manta. Yanzu shekararsa arba'in da uku, ga kantin magani, ga sanƙo, ga tumbi, amma bai manta ba. Bara ya shiga binciken asalin suna, ya rubuta wa duk mai ɗauke da shi: 'yan Fargeolet, 'yan Farjolet na Marseille, har da 'yan Farjollet na Kanada. Da can shahararrenmu ɗaya ne, wani da ya zo na ƙarshe a tseren keke shekara uku a jere. Da suka ji labarin Barnabé sai duk suka tuna shi. 'Yan Marseille suka ce ai ƙararrawa biyu ya ɗauka. Wata tsohuwa daga Kanada ta aiko hoton igiyar da aka ɗaura masa, wai tun zamanin kakarta take cikin akwati. Magajin gari ya sa an sassaƙa allon dutse da sunan Barnabé. Ni kaina ranar nan ina fere dankali na tsinci kaina ina hawaye don tausayin Barnabé.

Gaskiyar kuwa uwar mijina ta faɗa mini tun ina amarya. Fargeolet na farko jariri ne da aka tsinta cikin kwando a ƙofar gidan marayu, sistar coci da ta ɗauke shi ta raɗa masa sunan gonar da ta hango ta taga. Ya girma yana gyaran laima, ko gada ba ya son hawa.

Ga inda abin ya daina ba ni dariya. Nan da kwana goma sha biyu za a yi taron dangi, kuma ranar Gaëtan zai shiga koginmu da ƙararrawa a baya, a gaban kowa. Ya aro ta wata makaranta da aka rufe, kilo sittin. Shekara biyu ke nan da aka yi masa aiki a ƙashin baya, kuma bai iya iyo ba. Matarsa Odile ta yi magana, ya ce ita ba jinin Barnabé ba ce. Na ce masa, “Kai ja'iri, jakar cefanena ma sai ka huta sau biyu kafin mu iso gida.” Ya sumbaci goshina ya ce, “Kaka, ai ke kika nuna mini ko ni wane ne.”

Ina da dabara. Na jiƙa takarda da shayi ta yi kamar ta da, zan rubuta wasiyyar Barnabé cewa kada jininsa ya sake taɓa ƙararrawa. In yi wannan, ko in faɗa masa cewa shekara talatin da takwas yana alfahari da jaki?

Daga Kaka Mai Ludayi, Auvergne

Kaka,

Mijin ƙanwata Farjolet ne. Tun watan jiya yake cika mana kunne da Barnabé a kan tebur, don haka wasiƙarki ta yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Ban ga laifinki a ranar miyar ba, kowace kaka tana da irin nata. Kuma ƙaryar ta yi abin kirki: mutane ɗari huɗu da ba su san juna ba za su zauna su ci cuku tare. Ba sai kin hau mumbari kin kunyata su ba. Tsohuwar Kanada ta riƙe igiyarta.

Amma takardar shayi, ki jefa ta a murhu. Mutumin da ya tono dangi har Kanada zai kai ta a duba, ko kuma ya ce wasiyya ta hana ƙararrawa ne kawai, ya nemo wani abu mai nauyi. Muddin Barnabé na raye a kansa, zai shiga ruwan nan.

Ki kira shi gobe, shi kaɗai, ba a gaban Odile ba. Ki faɗa masa duka, har jakin, kada ki sa wasa. Ki ba shi labarin jaririn kwando, shi ma kakansa ne, kuma zai sami sunansa a rajistar gidan marayu. Abin da zai gaya wa taro, da allon magajin gari, ki bar masa ya yanke.

Zai yi fushi. Wataƙila ya ƙaurace wa abincin Lahadi sau biyu ko uku, kuma zai yi miki ciwo. Ki jure, Kaka. Gara ya zauna a gidansa yana jin haushinki da ki tsaya bakin kogi kina jira ya fito.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa a yi taro a watse kowa da busassun kaya.

Solange